Injin da Ya Yi Cigiyar Kansa

Jiya ina zaune a bakin shago na ji kuna gardama a kan injin hudar da ya ɓace muku. Ɗayanku yana cewa da an manna masa ɗan abin nan mai kama da maɓalli, da tuni waya ta nuna gidan da yake. Na yi dariya har na kusa ƙwarewa da goro. Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin kafinta danna inji ne, neman kaya kuma danna waya. To, ku matso da bencin nan. Ni Sani kafinta na Kwarbai na nemi inji a birnin Zariya lokacin da wayar ma sai a ofis ake ganinta, kuma babu dabarar gano kayan aiki da ban gwada ba. Zan gaya muku wadda ta yi aiki da wadda ta ba ni kunya.

Aikin farko da maigidana, marigayi Malam Audu, ya ba ni shi ne wasa bakin jakfilen, wato abin fere katako na hannu. Na daɗe ina wasa ƙarfe a kan dutse kafin ya yarda in taɓa katako. In na kawo masa, sai ya gwada a gashin hannunsa, in bai aske ba ya miƙo mini in koma kan dutse. Ƙyaure guda na madaci sai ya ci mana yini cur muna turawa, kafaɗa kamar za ta cire. Saboda haka da na samu 'yanci na buɗe shagona a farkon shekarun tamanin, lokacin naira na da ƙarfinta, abin da na fara saya shi ne injin fere katako mai aiki da lantarki, wanda muke ce wa filena. Ranar da na jona shi, kafintocin unguwa suka cika shagon. Katakon da muke yini a kansa ya fito sumul kafin shayi ya huce. Wallahi ranar bakina har kunne, ko abinci ban iya ci ba.

Sai dai mai inji a birni ba shi kaɗai ke da injinsa ba. A cikin ganuwa ba a hana aro. Wanda ya zo aron ko ɗan uwanka ne, ko surukin maƙwabcinka, ko wanda kuka yi makarantar allo tare. Ka ce a'a, kafin la'asar an kai ƙararka wajen gyatumarka. In kuma ka bayar, ba ka da bakin cewa a dawo da shi gobe, kunya ba za ta bar ka ba. Shi ma wanda ya ara, wani zai zo ya ara a hannunsa, shi ma ba zai iya hanawa ba. Haka inji zai bar Kwarbai ranar Asabar, ka ji labarinsa a Tudun Wada ranar Laraba. Mu masu kayan wuta a lokacin, rabin aikinmu bin sawun kayanmu ne.

Ni dabarata fenti ce. Duk abin da na mallaka, daga guduma har filena, na shafa masa koren fenti a mariƙi. Daga nesa in na hango kore a wurin gini, na san nawa ne. Abokina Garba mai walda, wanda rumfarsa ke kallon shagona, ya raina wannan dabarar ƙwarai.

"Fenti ai kwalliyan amarya ne, Sani," in ji shi. "Kananzir kaɗan da tsumma, an gama da kai. Ni lamba nake bugawa. Ƙarfe ba ya mantuwa."

Shi kam duk injinsa sai ya buga masa harafin sunansa da kurfi a gindi. Na ce masa ai magagari ma ba ya mantuwa, ɓarawon da ya san aiki zai goge lambar ya shafe wurin da baƙin mai. Muka yi shekaru muna wannan musun, kowa na jiran ranar da ɗan uwansa zai ji kunya. Duk da haka na bar shi ya buga wa filenata lambarsa, don a zauna lafiya.

Wata rana ina fere katakon da aka ciro daga tsohon rufi, ashe akwai guntun ƙusa a ciki. Ya tsinke ya faɗa ta ramin iska, na ji ƙas! Na kashe da sauri na kwance murfin. A cikin injin akwai 'yar fanka da ke sanyaya shi, ƙusar ta karya mata fiffike ɗaya. Injin bai daina aiki ba, amma daga ranar ya samu sabuwar murya. Da ka kunna shi sai ya fara da gurnani, sannan ya ɗauki wani siririn fito kamar usur ɗin ɗan sanda, in ya ci katako kuma fiton ya riƙa rawa. Na kai wa Garba guntun fiffiken in ya samu hali ya liƙa mini. Ya juya shi ya ce goran ruwa ne, ba kowace walda take kama shi ba, amma in bar masa zuwa jibi. Ya jefa shi a gwangwanin madarar da yake tara tarkace. Jibin Garba kuwa har yau ba ta zo ba.

Wadda fiton ya fi dama ita ce yayata, Yaya Asabe. Bangon shagona shi ne bangon ɗakinta. Dillaliya ce, tun safe take ɗaukar ƙullin atamfa da kwanuka tana shiga gida-gida wajen matan kulle, ta dawo da azahar a gajiye tana son ta ɗan kishingiɗa. Daidai lokacin kuma 'yan wuta suka fi kawo mana wuta. Ina kunnawa sai in ji muciya tana dukan bango.

"Sani! Wannan ƙaran naka sai ya kashe ni za ka huta? Kajina ma sun daina ƙwai!"

"Yi haƙuri, Yaya, fanka nake nema."

"Tun bara kake neman fanka. Ko a kabari na ji kukan abin nan na san shi."

Ba ƙarya nake mata ba, na nemi fankar. Amma shekarar wahala ta riga ta shigo. Naira ta faɗi, kayan gyara suka ɓace daga Sabon Gari, sabon inji kuwa sai dai ka kalle shi ta gilashin kanti ka wuce. Ana ta rage ma'aikata, masu ba mu aikin kujera da gado suka koma neman na masara. Shaguna da dama a layinmu suka rufe. Ni ma na fara tunanin sallamar mutanen da ke aiki tare da ni, kuma duk magidanta ne.

Ana cikin haka wani Alhaji ɗan kwangila ya zo da aikin ƙyamare da tagogi na ɗakunan kwanan ɗalibai a unguwar Kongo, nan Zariya. Ya faɗa mini gaskiya: saboda filenar ya zo wurina, don masu aikin hannu ba za su gama kafin ɗalibai su dawo hutu ba. In na makara, zai kwashe katakonsa ya kai Kaduna. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Aka sauke katako har bakin titi, na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Washegari sai ga Bala, ɗan marigayi maigidana, yana son aron filena na yini biyu, zai gyara katakon rufi a Tudun Wada. Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku gaya mini yadda za ku kalli ɗan mutumin da ya koya muku riƙe guduma ku ce masa a'a. Na ɗauko na ba shi. Ranar Juma'a da yamma ya dawo hannu biyu, ido ya yi ja. Sun tafi masallaci sun bar injin a ƙarƙashin buhunan siminti, suna dawowa ko sama ko ƙasa.

Ban yi masa faɗa ba, ba shi da abin biya, kuma ko yana da shi babu inda za a sayo. Abin da ke gabana a fili yake: in injin bai dawo ba kafin ɗalibai su dawo, kwangila ta tafi, shagon ma ya bi ta.

Nan fa aka buɗe gasar dabaru. Na fara da tawa. Na hau keke na zagaye duk inda ake gini, daga Tudun Wada har Kongo, ina leƙen koren fenti. Na ga koren bokiti, na ga koriyar motar haya, har wani bawan Allah na tsayar saboda ya rataya abu kore a kafaɗa, ashe buta ce. Garba ya yi ta dariya, sannan ya ɗaura tasa ɗamarar. Ya ja ni kasuwar 'yan gwanjo a Sabon Gari, muka bi rumfa-rumfa yana kifa injuna yana duba gindinsu kamar mai sayen akuya. Dillalai suka gaji da mu. Wani dattijo a cikinsu ya ce mana kayan da aka ɗauko a Zariya ba ya kwana a kan tebur, ranar da ya zo ake goge shi a sayar. Garba ya fito bai ga lambarsa ba, ni kuma duk da halin da nake ciki sai da na rama dariyata.

Akwai dabara ta uku, kuma ita ce mafi hankali a cikinsu. Wutar lokacin takan zo da ƙarfi ta tafi da rauni, duk injin da ke gari sai ya ƙone wata rana, kuma duk wanda ya ƙone wajen masu naɗin koyil, wato masu sake naɗa wayar cikin inji, yake ƙarewa. Su 'yan kaɗan ne, duk na san su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kwatanta musu injina. Sun yi alkawari, kuma na yarda da su, don ta hannunsu Garba ya taɓa samun injin yankan ƙarfensa. Aibin wannan hanyar ɗaya ne: sai ka jira injinka ya ƙone. Ni kuwa ban da lokacin jira. Aka yi cigiya a masallatai, wani malami ya ce a sanar za a karanta Yasin. Wannan takan yi aiki in ɓarawon ɗan unguwa ne mai jin tsoro, har an taɓa wayar gari an ga zarto a ƙofar shago. Namu ɓarawon ko bai ji ba ko ya riga ya sayar.

Muka koma jakfilen. Tun asuba muke turawa, hannuwa suka yi kanta suka fashe, tulin katakon kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Alhaji ya zo ya tsaya ya dubi 'yan ƙyamaren da muka gama, ya dubi tulin, ya ce zai turo mota ƙarshen mako in babu labari. Yaya Asabe ta samu barcin azahar ɗinta, amma da ta ga yadda na rame sai ta daina yi mini tsiya.

Ana saura kaɗan motar ta zo, da hantsi, ina sunkuye a kan benci, na ji ana ƙwala mini kira tun daga kan kwana. Na ɗaga kai, sai ga Yaya tana tafe da sauri, mayafi na jan ƙasa, babu ƙullin kaya a kanta. Ban taɓa ganin ta bar kayanta a gidan mutane ba.

"Sani, tashi! Na ji shi!"

"Kin ji wa, Yaya?"

"Mai hana ni barci mana! Yana can Ƙofar Kuyambana yana ihu!"

Ashe ta shiga wani gida tana baje atamfa a tsakar gida, sai aka kawo wuta. Daga wani ɗaki can ƙurya ta ji gurnani, sai fito. Ta daure ta tambayi matar gidan ko injin markaɗe suka saya, matar ta sunkuyar da kai ta ce maigidan ne yake ɗan taɓa wani aiki. Kun ga inda duk dabarunmu suka tsaya. Ni da Garba da masu naɗin koyil duk maza ne, iyakarmu zaure. Injin yana cikin gidan da ba ma shiga, ko shekara muka yi muna yawo ba za mu gan shi ba.

Na jefar da jakfilen, Garba ya kashe waldarsa, muka bi ta a baya. Ta nuna mana gidan, muka zagaya lungun baya muka jingina da katanga. Ga shi kuma an ɗauke wuta. Muka tsaya cirko-cirko cikin rana, masu wucewa na kallonmu, Garba yana cewa in tsohuwa ta jiyo kukan tsuntsu ne ta tara mu a nan, shi ba ruwansa. Can sai rediyon wani mai shago ya farka, yara suka yi ihun an kawo wuta. Sai gurnani. Sai fiton nan siriri, yana rawa daidai inda ya saba rawa. Wallahi ban san lokacin da na rungume Garba ba, shi kuma yana ta faɗin "Shi ne! Shi ne, ɗan banza!"

Garba ya so mu yi sallama mu ɗaga murya. Na hana shi, muka nufi gidan mai unguwa. Ya saurare mu, da ya ji gidan da muke nufi sai ya aika a kira maigidan, a ce ya taho da injin.

Wanda ya shigo zauren ba irin wanda na zata ba ne. Dattijo ne mai tsabta, da tabarau da biro a aljihu, ana ce masa Malam Lawal. Ya rungumo injin a cikin buhu kamar jariri. Akawu ne da aka yi wa ritayar dole a shekarar. Da ya fito da injin, sai ga shi an fente shi baƙi ƙirin, babu ɗigon kore. Garba ya kifa shi, inda lambarsa take an goge sumul. Muka kalli juna, babu wanda ya samu bakin yi wa wani dariya.

"Ranka ya daɗe, ni ba ɓarawo ba ne," in ji Malam Lawal. "Da ɗan giratutina, kuɗin sallamata daga aiki, na saya a hannun dillali, har rasit ya ba ni. Shi ke nan abin da na mallaka."

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Malam Sani, fentinka babu, lamba babu. Ƙara kuwa kowane inji yana yi. Mene ne shaidanka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kwance murfin. Fankan ciki fiffike ɗaya ya karye. Guntun kuma yana wajen wannan malalacin."

Garba ya zabura kamar an tsikare shi. Ya ari keken wani ya tafi, ya dawo yana haki da gwangwanin madara, ya zazzage shi a kan tabarmar mai unguwa. Ya tona cikin ƙusoshi da wasarori har ya zaro guntun. Na kwance murfin da hannuna, na ɗora guntun a gurbinsa. Ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Garba ya dubi jama'a yana washe baki, wai da ya liƙa shi tun bara da yanzu ba mu da hujja. Har yau yana ƙirga wannan a cikin alherin da ya yi mini.

Murnata ba ta daɗe ba, don na dubi Malam Lawal na ga ya cire tabarau yana goge ido. Dillalin ba za a same shi ba, kowa ya sani. In na ɗauki injina, na bar mutumin nan da iyalinsa babu komai. Ya ce a hankali, abin da ya fi damunsa shi ne yanzu kowa zai san yana fere katako a ɗaka. Ashe kullum da safe sai ya sa kayan ofis ya fita ya zaga, sannan ya dawo ta lungu ya shige ɗaki yana koya wa kansa yin 'yan kujeru.

Mai unguwa ya yi murmushi. "Haba Malam Lawal. Abin da ake ji har bakin ganuwa? Duk unguwan nan mun sani tun ranan farko. Nauyinka muke ji, shi ya sa in ka fito da safe muke ce maka a dawo lafiya."

Malam Lawal ya rufe fuska, kafaɗunsa na motsi, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ƙwace masa. Na ce ya nuna mini kujerar da ya yi. Aka kawo. Ƙafafunta ba su daidaita ba, amma ma'auninsa na saman ya fita tsaf, ka san mutum ne mai kula da layi. Na ce masa, "Malam, injin nawa ne, amma kai ma ka saye shi. Ina da ƙyamare sun fi ƙarfina. Ka biyo shi shago, ka riƙe mini awo da zane, in koya maka sauran."

Washegari ya zo da kayan ofis ɗinsa, ya tsaya a bakin shago yana waige-waige. Kafin azahar hularsa ta yi fari da garin katako, kuma a haka ya ratsa Kwarbai ya tafi gida. Motar Alhaji ta zo ƙarshen mako kamar yadda ya ce, sai dai ƙyamare ta ɗauka. Mun gama aikin Kongo ana gobe ɗalibai za su dawo, ban sallami kowa ba. Malam Lawal ya yi shekaru tare da ni kafin ya buɗe nasa shagon, kuma wasunku a hannun yaransa kuka koyi awo.

To kun ji. Fenti yana maganin mai mantuwa, lamba tana maganin mai gardama, mai naɗin koyil yana maganin mai haƙuri. Abin wayarku ma na yarda yana da kyau, ku manna. Amma ku riƙa gaida maƙwabtan da ƙarar injinku ke damu, don su ne suka fi ku sanin muryarsa.

A cikin shekarun casa'in kaya suka fara samuwa, na ci karo da sabuwar fanka a Sabon Gari. Na saye ta da murna, na ce yau zan cika wa Yaya alkawari. Na ɗaura ta da azahar, na kunna, injin ya riƙa aiki lafiya lau, babu fito. Ban gama katako na biyu ba sai ga Yaya a ƙofar shago, ko takalmi babu, muciya a hannu.

"Sani, ga wuta an kawo, ban ji shi ba. An sake sacewa ne?"

Na nuna mata sabuwar fankar. Ta dube ta, ta dube ni.

"Cire ta. Na kasa barci."

Na cire ta na mayar da tsohuwar. Ga sabuwar can rataye a ƙusa, a cikin takardarta.